Takardar Jinin Shatu

Ni na karanta takardar da bakina, saboda haka babu wanda zai ce mini ba haka aka yi ba.

A shekarun da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, aka turo ni koyarwa Roni. Mace ce ni, ban yi aure ba, ba zan kama haya ba, sai aka sauke ni a gidan Baba Kura, abokin fataucin mahaifina. Mutanen gidan asalinsu Barebari ne, kuma ba sa bari ka manta. Shi Baba Kura dogo ne, ya fi shekara ashirin bai waiga ba. In ka kira shi ta baya, sai ya juyo gaba ɗayansa a hankali, har da babbar rigar. Mutanen gari suna cewa ƙasaita ce.

Ɗakina yana jikin na Shatu, matar ɗansa Mamuda. Shatu 'yar ƙanin Baba Kura ce da ya rasu, auren gida aka yi. Uwarta Dela Bafulatana ce, tana can Gwiwa. Lokacin da na zo, Shatu tana goyon 'yarta ta fari, wadda aka sa wa sunan uwargidan, Hajja Kaka, shi ya sa ake kiranta Uwa.

Katangar da ke tsakaninmu ba ta riƙe sirri, don haka na san yadda Shatu ke tashi da asuba. Sai ta fara mirginawa gefe, ta dafa ƙasa, ta tsaya tana numfashi. Sannan ta ja jiki zuwa bango, ta kama shi ta miƙe kaɗan-kaɗan. Kafin ta kai bakin ƙofa na yi alwala na yi salla, wani lokaci har na ɗora ruwan shayi.

"Ke Shatu," Hajja Kaka za ta ce daga tsakar gida, "rana ta fito har ta gaji da jiranki."

"Hajja, bayan ne."

"Bayan nan naki akwai wayo. Zo ki ɗauki taɓarya mu gani."

Abin haushin shi ne, in ta ɗauki taɓaryar ta yi daka na ɗan lokaci, sai jikin ya saki. Kafin hantsi za ka ga tana tafiya kusan kamar kowa. In ta zauna ta huta, ciwon ya dawo. Hajja Kaka ta lura da wannan tun kafin kowa, ta kuma yanke hukunci: ciwon da ke gudu in ya ga aiki, sunansa lalaci. Ranar da take cikin sauƙin rai kuwa sai ta ce ɗanyen jego ne, don a Gwiwa Shatu ta yi wankan haihuwa, kuma a ganin Hajja, Fulani ba su san ruwan zafi ba, ɗumi kawai suke sha'awa.

Da bayan ne kaɗai, da har yau Shatu ba ta ga ƙofar asibiti ba. Ido ne ya kai ta. Wata safiya ta tashi idonta na hagu ya yi jawur, ba ta iya kallon haske. Baya ba a ganinsa, amma ido kowa na gani, kuma baƙi suna yawan zuwa gidan a lokacin domin ana maganar auren Amna, autar Baba Kura, da ɗan wani ɗan kwangila na Kazaure. Mamuda yana da Fijo a-kori-kura da yake jigila tsakanin Kazaure da Babura. Ya sa ta a gaba, ni ma aka ce in bi su saboda Turanci. A Kazaure aka ɗiga mata magani, aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a Kano.

Likitan da muka samu a can Ba'indiye ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da yauwa ba. Ya gama duba idon, sai ya tsaya yana kallon yadda ta tashi daga kujera. Ya ce ta sunkuya ta taɓa ƙafarta. Ba ta wuce gwiwa ba. Ya ce in tambaye ta, in ta yi aiki ciwon ƙaruwa yake ko raguwa.

Shatu ta san abin da amsar nan ta saba jawo mata a gida. Ta kalli Mamuda, ta kalle ni, sannan ta ce a hankali, "Raguwa yake."

Likita ya gyaɗa kai. Ya ce haka wannan ciwon yake: kumburi ne a gaɓoɓin ƙashin baya, hutu na tsananta shi, motsi na sassauta shi, kuma yakan taɓa ido. Da na fassara mata, sai ta ce, "Malama, wato ya yarda?" Na ce ya yarda. Ta sa gefen mayafi ta goge idon mai lafiya.

Ya tambaya ko akwai mai irin wannan bayan a dangi. Mamuda ya ce babu. Shatu ta ce babanta a lanƙwashe ya rasu. Mamuda ya ce wannan ai jaki ne ya kayar da shi a hanyar Damagaram. Ni dai na tuna wuyan Baba Kura, na haɗiye maganar. Likita ya ce akwai sabon gwajin jini da ake yi, ana neman wata alama da ake gado, kuma sai an aika jinin wani wuri. Aka ɗebi kwalba ɗaya a hannun Shatu, aka ba ta ƙwayoyin mako shida, aka rubuta akwatin gidan wayar makarantarmu don a aiko da sakamako.

Makonni shidan nan su ne hutun da Shatu ta samu. Tana tashi kafin in idar da salla. Hajja Kaka ta ce ashe tsoron allura ma magani ne.

Takardar ta zo ranar Talata, kwana biyu bayan ƙwayoyin sun ƙare. Na kai wa Mamuda, shi kuma ya kai wa babansa, domin a gidan nan ko wasiƙar gaisuwa ce sai ta bi ta zaure. Bayan la'asar aka kira ni. Baba Kura na kan buzu, Hajja Kaka na bakin ƙofar ciki, Mamuda na tsugune. Mai jinin tana can tana tankaɗe, ba wanda ya ga dalilin kiranta.

Na karanta, ina juyawa da Hausa. An sami alamar a jininta, wasu haruffa ne da lamba ashirin da bakwai. Alamar gadonta ake yi. Ba duk mai ita ke yin ciwon ba, da yawa har su tsufa ba su san suna da ita ba, kuma ba a ɗaukarta a kwano ko a tabarma. Ba a warkar da ciwon, amma ana tare shi: a ci gaba da shan ƙwayoyi, a koya mata motsa jiki, ta kwanta a shimfiɗa mai tauri, kada ta daɗe a sunkuye. A dawo da ita kafin wata biyu. In akwai ɗan'uwa mai ciwon baya, a zo da shi.

"Malama," Baba Kura ya ce, "koma wurin gadon nan."

Na koma.

"Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

"Ba su faɗa ba, Baba."

"Na Fulani ne," in ji Hajja Kaka. "Su ne da kwana a raɓa."

Baba Kura ya miƙo hannu na ba shi takardar, ya riƙe ta nesa da fuskarsa kamar mai karantawa.

"An sa ranar Amna," ya ce. "In aka ji a garin nan an ɗebi jinin gidan nan an sami abu a ciki, wa zai tsaya tambayar wane abu ne? Kafin maganar ta kai Kazaure ta zama kuturta."

"Baba, sun ce kada a wuce wata biyu."

"Su suka halicce ta?" Ya ninke takardar. "Bayan biki. Ke kuma 'yar gida ce, na san abin da kika karanta a nan, a nan zai tsaya."

Na dubi Mamuda. Ya ce, "Yadda Baba ya ce."

Mamuda ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Washegari ya sayo mata man zafi da turmin atamfa daga Babura, ya ajiye mata a bakin gado ya fita da sauri.

Da yake an fasa asibiti, sai Hajja Kaka ta ce bari a gyara abin da Gwiwa ta ɓata. Aka sake wa Shatu wankan jego daga farko, alhali yarinyar da aka haifa har ta fara tafiya. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, Hajja da kanta take tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata a baya. Ina jin Shatu tana kiran sunan Allah ta cikin haƙora. In ta fito, zafin ya sassauta mata jiki na sa'a guda, sai Hajja ta ce, "Kun gani?" A kwana na ashirin fatar kafaɗarta ta saluɓe. Aka shafa mata man shanu, aka ƙarasa kwana arba'in ɗin. Wanzami ma ya zo ya kafa mata ƙaho, ya zubar da baƙin jini a rami, ya ce ai ga ciwon nan ya fita.

Sannan aikin biki ya taso. Akwai injin niƙa a bakin kasuwa, amma Baba Kura ba ya cin garin inji, ya ce warin baƙin mai yake yi, kuma ba zai ciyar da surukansa abin da shi ba ya ci ba. Aka fito da dutsen niƙa. Da yake an riga an tabbatar aiki ne maganin Shatu, aka ba ta maganin da yawa. Mako uku tana durƙushe a kan dutsen, daga hantsi zuwa la'asar, kanta a ƙasa.

A kan dutsen ta fara tambayata.

"Malama, takardar ba ta zo ba?"

"Ba ta zo ba tukuna."

"Ko sun manta da ni?"

"Kin san gidan waya."

"Haka ne," ta ce, ta ci gaba da niƙa.

Na ji kunya a ranar, kuma har yau ina jin ta. Ina da dalilaina, kamar kowa a gidan. Ina cin tuwonsu, mahaifina ya damƙa ni a hannun Baba Kura, kuma biki saura kwana kaɗan ne. Na gaya wa kaina ba hanawa aka yi ba, jinkiri ne.

Aka yi biki, aka kai Amna Kazaure gidan siminti mai rufin kwano. Na je zaure na tuna wa Baba Kura. Ya ce a bari amarya ta zauna da gindinta tukuna, surukai sababbi ne. Da ta zauna, damina ta faɗi, ya ce motar ba ta da lokaci sai an cire gyaɗa. Bayan kaka ya tafi Hajji. Da ya dawo ya kawo wa Shatu ruwan Zamzam, ya ce wanda ya sha wannan ya kuma nemi kwalbar Ba'indiye, to a duba imaninsa. Dela ta zo daga Gwiwa sau ɗaya ta ce a ba ta 'yarta ta yi jinya. Aka ce mata a gidan ubanta take, wane gida ne ya fi wannan? Aka cika mata ƙwarya da gero, aka raka ta bakin hanya.

Shatu ta sake tambayata sau biyu a shekarar farko. Daga nan ta daina.

Jikin bai lanƙwashe rana ɗaya ba, shi ya sa babu ranar da wani zai ce yau abin ya ɓaci. Ta fara kasa goya Uwa. Sai ta koma salla a zaune. Sai aka sauko mata da igiyar shanya, don hannunta na kaiwa amma idonta ba ya ganin inda take ratayawa. A shekara ta huɗu, in tana tsaye, ƙasa kawai take kallo, ta koma gane mutane da takalmansu. In na shigo daga makaranta sai ta ce, "Malama, an sauya silifa." Matan da ke zuwa barka ko gaisuwa kuwa suna yaba ta. Suna cewa Hajja ta yi dace da suruka mai kunya, ba ta taɓa ɗaga kai ta kalli babba ba. Hajja Kaka takan ce tarbiyya ce.

Zuwa lokacin an daina cewa lalaci, an daina cewa ɗanyen jego. An koma cewa haka Allah ya so.

A shekara ta biyar Mamuda ya tashi wata safiya ya kasa sunkuyawa ya ɗaure takalmi. Ya ce kujerar mota ce. Washegari ma haka. Ta katanga na ji irin mirginawar da na sani, da dafa ƙasa, da tsayawa ana numfashi, sai dai wannan karon muryar namiji ce, kuma Shatu ce ke cewa, "Juya ta gefe tukuna, kada ka yi sauri." Babu wanda ya miƙa masa taɓarya. A kwana na tara aka kira ni zaure, na tarar da takardar a gaban Baba Kura, ta yi ja a wurin ninki.

"Malama, duba mana sunan likitan nan da ɗakin da yake zama."

Na duba. Na ce, "Baba, da Shatu za a tafi ko?"

"Gaban motar mutum uku yake ɗauka."

"Wa zai kula da gida?" in ji Hajja Kaka.

Muka tafi mu uku har da Baba Kura, Mamuda na tuƙi yana cije leɓe. Ba'indiyen ya daɗe da komawa ƙasarsu. Wanda muka samu matashi ne, Bahaushe, ba ya bukatar tafinta. Ya karanta takardar, ya dubi kwanan watan, ya dube mu.

"Wace ce Shatu?"

"Matarsa ce," Baba Kura ya ce. "Ta samu sauƙi."

"Ba ta samu ba," na ce.

Abin da na iya yi ke nan a shekara biyar, kuma ba na neman a gode mini. Baba Kura ya juyo gaba ɗayansa ya kalle ni. Likita ya bi juyowar da ido, ya ce, "Baba, ɗan waiga hagu in gani." Baba Kura ya ce shi ba waige ya kawo shi Kano ba. Aka duba Mamuda, aka ɗebi jininsa, aka ba shi ƙwayoyi, aka nuna masa motsin da zai riƙa yi kowace safiya. Likita ya ce ranar da za a dawo a zo da matar, kuma ita zai fara gani.

Sai ga shi gaban motar ya sami wuri. Aka ɗauki hoton bayanta, likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mana. Ƙasusuwan sun haɗe da juna, sun zama sanda ɗaya mai lanƙwasa. Ya ce zai ba ta abin da zai rage zafi, amma miƙewa kam ta wuce. Ya ce da an dawo da ita lokacin da aka rubuta takardar nan, ba wai warkewa za ta yi ba, amma da wuya ta kai haka.

"Yaushe aka rubuta ta?" Shatu ta tambaya, tana kallon takalmansa.

Ya faɗa mata wata da shekara. Muka kamo hanyar Roni.

A gida Hajja Kaka ta ji bayani ta ce, "To ai ga shi nan, asibitin ma sun kasa. Da ma wahalar mota kawai za a ba ta." Jinin Mamuda ya nuna alamar shi ma. Baba Kura ya ce ba mamaki, mutum ya shekara bakwai yana kwana ɗaki ɗaya da mai ciwo. Na ce masa ba a ɗauka, ni na karanta masa haka. Ya ce ya ji. Aka yi wa Mamuda gadon katako, Hajja ta hana shi ɗaga ko bokiti. Kowace safiya yana tsakar gida yana miƙa hannu sama yana juya wuya, Shatu na kai masa ruwan wanka.

Na jira ta zage ni. Na ma so ta yi. Mako biyu tana gaishe ni yadda ta saba, tana aiko mini da tuwo.

Ranar da aka koma makaranta, ina ɗaura ɗankwali, na ga inuwa a bakin ƙofata. Shatu ce, riƙe da hannun Uwa. An wanke yarinyar, an shafa mata mai, an ɗaura mata sabon zane da aka yanka daga atamfar uwarta. A gidan Baba Kura ba a taɓa sa 'ya mace a boko ba.

"Malama, ki tafi da ita ki rubuta sunanta."

"Baba ya sani?"

"Ban tambaye shi ba."

"Shatu," na ce, "maganar takardar nan…"

"Ba ita ta kawo ni ba." Ta tura yarinyar gabana. "Jinin gidan nan ne a jikinta, ta uwa da ta uba. Wata rana ita ma tata takardar za ta iya zuwa. Ba na so a kira wata ta karanta mata."

Na kama hannun Uwa muka fita. Muna wuce zaure Baba Kura ya kira sunana daga ciki, ban tsaya ba. Kafin ya gama juyowa mun kai bakin hanya.